JAWABIN SAKATAREN ƘUNGIYA KAN RIKICIN MASU KARE MUHALLI DA MASU SUKAR SU A ƘASAR OGONI



Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin mahauta da na 'yan gwari da na direbobi da na 'yan jari-bola, matasanmu da sauran jama'a baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma gode muku da kuka baro sana'o'inku domin halartar wannan taro.

Dalilin da ya sa shugaba ya umarce ni in tsaya gabanku yau, wasunku sun riga sun ji shi a kasuwa. Kwanakin baya wasu mutane biyu sun zo ofishin ƙungiya suna neman mu ba su matasa cike da mota biyu. Suka ce za a ba kowane yaro riga da kwali da kuɗin abinci, su je su yi jerin gwano na goyon bayan a koma haƙar mai a ƙasar Ogoni, su kuma yi Allah wadai da masu rajin kare muhalli. Kwamiti ya zauna ya ce ba za mu bayar ba. Wasu daga cikin matasanmu sun ji haushi, har wani ya tare ni ya ce: "Baba Sakatare, kun hana mu abincinmu." Yaron yana da haƙƙin a yi masa bayani, iyayensa ma haka.

Ni ba masanin kimiyya ba ne, karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya. To amma duk abin da zan faɗa a rubuce yake, kowa na iya sa ɗansa ɗan makaranta ya bincika masa.

Jama'a, ƙasar Ogoni tana nan kusa da mu, ƙananan hukumomi huɗu ne na jihar Ribas, wato Khana da Gokana da Tai da Eleme. Mutanenta manoma ne da masunta. An fara samun mai a Nijeriya a Oloibiri a shekarar 1956, a Ogoni kuwa aka same shi a 1958, kamfanin Shell ya yi ta haƙa fiye da shekara talatin. A cikin waɗannan shekaru mai ya riƙa malala cikin gonaki da rafuka, ana kuma ƙona iskar gas dare da rana kusa da gidajen mutane. Kason da ake ba yankin da aka haƙo arziki a cikinsa, wanda ya kai kashi 50 cikin ɗari a tsarin mulkin 1963, aka yi ta zaftare shi har ya koma kashi 1.5 a 1982.

A shekarar 1990 shugabannin Ogoni suka kafa ƙungiyar MOSOP, suka rubuta takardar haƙƙoƙinsu suka miƙa wa gwamnatin Janar Babangida. Suna neman a ba su rabo mai ma'ana daga man ƙasarsu, a bar su su tafiyar da harkokinsu a cikin Nijeriya, a kuma daina lalata musu ƙasa. Wanda ya fi yin fice a cikinsu shi ne marubuci Ken Saro-Wiwa. Ya kamata matasa su sani, wannan mutum a lokacin yaƙin basasa ɓangaren gwamnatin tarayya ya bi, har aka naɗa shi mai kula da garin Bonny. Ranar 4 ga Janairu 1993 mutanen Ogoni kimanin 300,000 suka fito jerin gwano cikin lumana, a wannan shekarar kuma Shell ya janye ma'aikatansa. Tun daga nan haƙar mai ta tsaya a Ogoni, ko da yake manyan bututu sun ci gaba da ratsa ƙasar ɗauke da man wasu wurare.

Abin lura a nan shi ne, masu sukar Saro-Wiwa na farko ba daga Abuja ko Landan kaɗai suke ba, har a cikin gidansu akwai su. Wasu dattawan MOSOP suna ganin a bi gwamnati da kamfani da lalama a samu abin da za a samu, matasa kuwa suna ganin lalama cin amana ce. Da aka zo kan ƙaurace wa zaɓen 12 ga Yuni 1993 sai ƙungiyar ta dare biyu, shugabanta Dokta Garrick Leton da mataimakinsa Edward Kobani suka sauka. Ranar 21 ga Mayu 1994 wasu gungun mutane suka afka wa wani taro a Giokoo suka kashe manyan Ogoni huɗu: Edward Kobani da Albert Badey da Samuel Orage da Theophilus Orage. Saro-Wiwa ba ya wurin, domin jami'an tsaro sun riga sun mayar da shi daga hanya, amma aka kama shi aka ce shi ya ingiza. Sojoji kuma suka shiga ƙauyukan Ogoni suka yi ɓarna mai yawa.

Gwamnatin Janar Abacha ta kafa kotun musamman wadda ba a ɗaukaka ƙara daga hukuncinta. Lauyoyin da ke kare waɗanda ake tuhuma, ƙarƙashin Gani Fawehinmi, suka janye suna cewa ba shari'a ake yi ba, wasu shaidu biyu kuma suka yi rantsuwa cewa an ba su cin hanci ne domin su yi ƙarya. Duk da haka ranar 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye Saro-Wiwa da mutum takwas a gidan yarin Fatakwal. Nan take ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da Nijeriya, ba a mayar da ita ba sai 1999.

'Yan'uwa, na tsaya a kan wannan tarihi ne saboda har yau akwai mutanen wannan jiha da idan suka tuna 1995, sai su ce 'yan Arewa ne suka kashe musu mutane. Mun san ba haka ba ne. Mulkin soja ne, kuma wannan mulkin shi ya tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1996, shi ya ɗaure Shehu Musa 'Yar'aduwa har ya rasu a gidan yarin Abakaliki a 1997. Amma mai fushi ba ya tsayawa tantance wannan. Ku ɗauka a ce gobe an ga hoton yaranmu a jarida, da hulunansu, riƙe da kwalaye suna zagin masu tunawa da Saro-Wiwa. Wa zai kwana a cikin wannan gari da abin da zai biyo baya? Waɗanda suka kawo motar za su koma gidajensu masu katanga, mu kuwa rumfunanmu a bakin titi suke.

Yanzu bari in kawo muku hujjar kowane ɓangare yadda take, domin kada a ce kwamiti ya yi hukunci da son rai.

Masu kare muhalli babbar hujjarsu ita ce rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Agusta 2011, bayan ta duba wurare fiye da 200 a Ogoni. A garin Nisisioken Ogale da ke Eleme, an tarar mutane suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, wanda ke jawo ciwon daji, fiye da ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. A nan kuma aka samu mai yana yawo a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa, kaurinsa santimita 8. Rahoton ya ce gyaran Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30, kuma a fara da dala biliyan ɗaya. Sai a watan Yuni 2016 aka ƙaddamar da aikin a garin Bodo, wato bayan shekara biyar, kuma an sha kuka kan jinkirinsa da irin 'yan kwangilar da aka ba.

Hujjarsu ta biyu ita ce abin da ya faru a kotuna. A 2001 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta ce gwamnatin Nijeriya ta keta haƙƙin mutanen Ogoni. A 2009 Shell ya biya dala miliyan 15.5 ga iyalan waɗanda aka kashe da wasu masu ƙara a Amurka, ba tare da ya amsa laifi ba. A 2015 ya yarda ya biya fam miliyan 55 ga al'ummar Bodo da masunta fiye da 15,000, saboda malalar mai ta 2008 wadda kamfanin ya amsa cewa daga lalacewar bututunsa ne. A watan Janairu 2021 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar Holan ta ɗora wa reshen kamfanin na Nijeriya alhakin malalar da ta lalata gonakin wasu manoma, ciki har da na garin Goi a Ogoni. Saboda haka suke cewa: a gyara ƙasa tukuna, a wanke sunan waɗanda aka rataye, sannan a yi maganar komawa haƙa.

Masu sukar su kuma ba duka ne 'yan amshin shata ba, akwai masu magana da hankali a cikinsu. Na farko suna cewa mai shi ne ke kawo wa ƙasar nan mafi yawan kuɗin waje, daga cikinsa ake raba kason wata-wata da ke biyan malamin firamare a Gokana da na Gwadabawa. Man da ke kwance a ƙarƙashin Ogoni tun 1993 bai amfani kowa ba, har da su 'yan Ogonin, waɗanda matasansu ke zaune babu aiki. Na biyu, Shell ya daɗe yana cewa yawancin malalar da ake samu a shekarun baya-bayan nan daga fasa bututu ne da satar mai. Hukumar NEITI ta gwamnati ta ƙiyasta cewa an yi asarar ganga fiye da miliyan 600 ta hanyar sata da fasa bututu tsakanin 2009 da 2020, kuma a watan Agusta 2022 abin da ƙasar ke haƙowa ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana. Shi kansa rahoton 2011 ya ambaci matatun mai na bayan fage a cikin abubuwan da ke ƙara ɓata ruwa. Na uku, suna cewa ƙasashen Turai sun gina arzikinsu da gawayin kwal da mai, yanzu kuma ƙungiyoyinsu na ba wasu kuɗi su zo su ce mana mu bar namu a ƙasa. Na huɗu, iyalan mutum huɗun nan da aka kashe a Giokoo suna tambaya, me ya sa duniya ke kiran sunan tara ta manta da huɗu?

To me ya sa ake ta jayayya kan ko bututu tsufa ya yi ko fasa shi aka yi? Dalilin kuɗi ne. A dokar bututun mai ta ƙasar nan, idan wani ne ya fasa da gangan, kamfani ba ya biyan diyya, sai dai ya share wurin. Idan kuwa tsatsa ce ko sakaci, dole ya biya. Ana tantance wannan ne a ziyarar haɗin gwiwa da jami'an hukumar NOSDRA da na kamfani da wakilan gari ke kaiwa wurin. Ƙungiyoyi irin su Amnesty sun daɗe suna ƙorafin cewa kamfani ne ke da jirgin ruwan da za a je da kayan awon, don haka bakinsa ya fi ƙarfi. Kamfani kuma yana cewa akwai masu fasawa domin a ba su kwangilar sharewa. Kalma ɗaya a takardar ziyarar nan ita ke raba gari da miliyoyi.

A shekarar 2025 abubuwa uku sun sake tayar da maganar. A watan Janairu Shugaba Tinubu ya gana da shugabannin Ogoni kan komawa haƙar mai. A watan Maris Shell ya kammala sayar da kamfaninsa na kan tudu ga wani rukuni mai suna Renaissance, masu kare muhalli suna cewa yana neman guduwa ne ya bar datti. Ranar 12 ga Yuni kuma shugaban ƙasa ya yi wa mutum taran afuwa ya ba su lambar girma, wasu daga cikin iyalai da magoya baya suka ce afuwa ta mai laifi ce, su wankewa suke nema. Daga baya a cikin shekarar aka karrama mutum huɗun su ma. Kun ga ke nan su kansu masu ƙasar ba su gama daidaitawa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada wani ya ɗauka ina cewa babu ruwanmu. Da ruwanmu, ta hanya uku.

Ta farko, iskar da muke shaƙa. Tun ƙarshen 2016 baƙar kunkunniya ta fara sauka a Fatakwal. Iyayenmu mata sun fi kowa sani: a shanya farin kaya a kwashe shi baƙi, a share ɗaki da safe kafin azahar tafin ƙafar yaro ya yi baƙi, a goge hancin jariri a ga abin da ya fito. Mai tsire da mai shayi da mai kayan gwari da ke wuni a waje su suka fi shaƙa. Kunkunniyar ba ta tambayi kowa takardar shaidar asalin jiha ba. An danganta ta da matatun bayan fage da ake kira kpofire, da yadda jami'an tsaro ke cinna wa man da suka kama wuta, da kuma ƙona gas. Dokar 1979 ta ce a daina ƙona gas daga 1984, a 2005 babbar kotun tarayya a Benin ta ce ƙona shi keta haƙƙin rayuwa ne, amma aka yi ta ɗaga wa'adi. Da gwamnan Ribas na lokacin, Nyesom Wike, ya sa aka rushe matatun bayan fage a farkon 2022, da yawa daga cikinmu sun ga sama ta ɗan washe. Waɗanda suka yi ta kuka kan kunkunniyar nan tun farko, ai su ne dai masu kare muhallin da aka ce yaranmu su je su zaga.

Ta biyu, sana'o'inmu. Akwai direbobinmu da ake ba lodin man gas mai araha ba takarda, akwai masu sayen kananzir ɗin kpofire don ya fi sauƙi, alhali sau da yawa a gauraye yake da fetur, shi ke fashewa a fitila ko risho ya ƙona mata da yara. A watan Afrilu 2022 wata matatar bayan fage ta kama da wuta a kan iyakar Imo da Ribas, mutum fiye da 100 suka mutu. Sai kuma 'yan jari-bola. Dokar man fetur ta 2021 ta ce kamfani ya riƙa zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin da ya kashe wajen aiki a shekarar da ta gabata a asusun garuruwan da yake aiki a cikinsu, amma idan aka lalata kayan aiki a yankin, za a cire kuɗin gyara daga wannan asusu. Ma'ana, idan aka kama yaronmu ɗaya da guntun bututu a cikin kura, gari guda ne zai ga ya ja masa asara. Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa.

Ta uku, gida. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. A can ma an samu masu cewa a dakatar da haƙa da masu cewa da me za mu ci, kuma sai a 2013 aka share garin Bagega bayan an yi ta matsa wa gwamnati. A watan Nuwamba 2022 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Idan aikin ya tabbata, tambayar da 'yan Ogoni suka yi a 1990 ita manoman can za su yi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ta fuskar haƙƙi kuwa, tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama inda ya so a sashe na 41, ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali a sashe na 42, ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina a sashe na 43. Sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa. Yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, wadda ta zama doka a Nijeriya, ta ce jama'a na da haƙƙin zama a muhalli mai kyau. Babu inda aka ce ban da baƙo. Kuma sashe na 40 ya ba kowa damar shiga taron da ya ga dama. Saboda haka duk wanda ra'ayinsa ne a koma haƙa, ko ra'ayinsa ne a gyara tukuna, yana iya faɗa da bakinsa da sunansa. Abin da muka ƙi shi ne a yi hayar sunan al'umma.

Ga abin da kwamiti ya tsayar, muna roƙon kowane magidanci ya isar wa iyalinsa.

Na ɗaya, ƙungiya ba za ta ba kowane ɓangare matasa don jerin gwano ba, ko masu goyon baya ko masu adawa. Wanda aka tuntuɓa ya sanar da ofis. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ba ka san irin askin da za a nema gobe ba.

Na biyu, 'yan jari-bola kada su sayi bututu ko bawul ko wayar da ba su san asalinta ba, komai arharta. Shugabanninsu su buɗe littafi, a rubuta sunan mai kawo kaya da ranar.

Na uku, direbobi kada su ɗauki lodin mai ba cikakkun takardu. Idan aka kama mota, direba ne ke shiga hannu, mai kayan ba a ganin sa.

Na huɗu, iyaye mata su guji kananzir ɗin da ba a san inda ya fito ba. A rufe abinci da ruwan sha, a wanke wa yara hannu da fuska, yaron da tari ya ƙi sakin sa a kai shi asibiti a ajiye katin. Rijiyar da ruwanta ke warin mai a daina sha, 'yan ga-ruwa kuma su daina ɗiba a can.

Na biyar, masu noman lambu da masu kiwo da ke haya a ƙauyuka su riƙe rasit da takardar yarjejeniya da mai fili. Idan mai ya malala a gonarka, ka ɗauki hoto da waya a ranar, ka sanar da mai fili da mai gari, ka zo ofis mu rubuta wa hukumar NOSDRA, ka kuma tabbata an sa sunanka cikin waɗanda amfanin gonarsu ya lalace. Wanda ba shi da takarda, da wuya a saurare shi.

Na shida, za mu nemi zama da shugabannin unguwannin da muke ciki kan maganar kunkunniya da ruwan sha, mu sa hannu tare da su a duk takardar koke da ta shafi lafiyar kowa da kowa.

Ga ɗana da ya ce mun hana shi abincinsa, ina ba ka haƙuri. Na san kasuwa ta yi nauyi, kuma kuɗin yini ɗaya ba abin rainawa ba ne ga wanda bai karya ba. Shugaban 'yan gwari ya ce yana neman masu sauke kaya, ka same ni bayan taro, kai da abokanka, in haɗa ku.

Inda na yi kuskure a gafarce ni, wanda ke da gyara ko tambaya fili a buɗe yake. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya da maƙwabtanmu, ya sa kowa ya koma gidansa lafiya.